Ƙasa ta gaji, kududdufi ya yi kore: ina takin da muke zubawa yake tafiya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, kuma ina taya mahaifina noman rani a gefen wani tsohon kududdufin kuza da ke wajen Bukuru. Muna yin kabeji, karas, latas da tumatir. Shekara wajen goma ke nan muna zuba kamfa da yuriya, duk shekara sai mun ƙara yawan buhu, amma amfanin ba ya kai na da. Baba ya ce ƙasa ce ta gaji. Sannan ruwan da muke ban-ruwa da shi ya koma kore shar, kuma bana sau biyu muna zuwa da asuba mu tarar karfasa sun mutu sun taso sama. A makaranta an koya mana yadda sinadarai ke zagayawa a cikin mahalli, na haddace na ci jarrabawa, amma ban ga inda ya haɗu da gonarmu ba. Shin akwai alaƙa, ko kowanne matsalarsa daban?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Na daɗe ina cewa darasin nan a bakin gona ya kamata a riƙa koyar da shi, allo kaɗai ba ya isa. Na shafe shekaru ina ɗibar samfurin ƙasa da na ruwa a gonakin rani na Filato, daga bakin kogin Dilimi har wajajen Bukuru da Kuru, kuma koken da ka kawo na ji shi a bakin manoma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

In na fahimce ka, kana son sanin ko gajiyar ƙasarku da koren ruwan da mutuwar karfasa labari ɗaya ne ko uku. A ganina ɗaya ne. Abin da gonarku take rasawa shi ne yake shaƙe kududdufin. Baba ya faɗi gaskiya da ya ce ƙasa ta gaji, saura mu gano abin da ya gajiyar da ita.

Gidan gandu

Kalmar da littafinku ya ba ku, ikosistem, wani masanin tsirrai ɗan Ingila mai suna Arthur Tansley ne ya fara amfani da ita a rubuce a 1935. Nufinsa shi ne a daina kallon tsiro ko dabba a ware, a haɗa su da ƙasar da suke kai, da ruwa, da iska, da rana, da zafi da sanyi, a ɗauki duka a matsayin abu guda mai aiki tare. Ni in ina yi wa manoma bayani, gidan gandu nake kawo musu. A gandu akwai masu fita su nemo, akwai masu ci, sannan akwai masu shara da wanke-wanke, waɗanda ba a cika yaba musu ba, amma ranar da suka yi yaji gidan ba ya zaunuwa.

Masu nemowa su ne tsirrai. Da hasken rana da ruwa da iskar kabon suke haɗa sukari a cikin ganye, su saki oksijin. A cikin ruwa gansakuka da wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani ne ke wannan aiki. Masu ci kuwa ka san su: fara da tsutsar kabeji, kwaɗon da ke cin su, macijin da ke cin kwaɗo, shahon da ke sure maciji, da kai da Baba. Masu shara su ne gara, tana, buzuzu, ungulu, naman kaza da danginsa na fumfuna, sai uwa uba bakteriya. A ƙaramin cokali guda na ƙasa mai lafiya ana samun bakteriya daga miliyan 100 zuwa biliyan guda. Su ke warware mataccen ganye da kashin dabba da gawa, su mayar da abin da ke ciki yadda saiwa za ta iya sha.

Iyakar wannan gida ba ta bin iyakar gona. Shingen ƙerana yana hana akuya, ba ya hana ruwa. Duk inda ruwan sama ya sauka ya gangara ya faɗa kududdufinku, to gida ɗaya ne da ku, ko da masu gonakin ba sa ga maciji da juna. Mu nan Filato ma nauyin ya fi yawa a kanmu, don a kan tudu muke, sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma daga nan kogin Kaduna da na Gongola suka taso. Dilimin da ya ratsa Jos, ruwansa Jama'are yake zuwa, daga can ya bi Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kuɗin cefane da kuɗin adashi

Abu biyu ke yawo a gidan nan, kuma ɗalibai kan cakuɗa su. Na farko makamashi, wanda daga rana yake zuwa. Shi kamar kuɗin cefane yake: an kawo yau, an kashe, gobe sai an kawo wani. Duk sa'ad da wata halitta ta ci wata, mafi yawan makamashin yana ƙarewa a motsi da numfashi da ɗumin jiki. Daga aikin da Raymond Lindeman ya buga a 1942 kan wani ƙaramin tafki a Minnesota ta Amurka aka samo ƙiyasin da kuka haddace, cewa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke hawa zuwa mataki na gaba. Shi ya sa za ka ga fara ba adadi a gona, kwaɗi 'yan kaɗan, shaho kuwa ɗaya ko biyu. Shi ya sa kuma nama ya fi masara tsada.

Na biyu su ne sinadaran gina jiki: naitirojin, fosfaras, fotashiyam, kalsiyam da sauransu. Waɗannan adashi ne. Kuɗin ɗaya ne, hannu kawai yake sauyawa. Naitirojin da ke cikin ganyen kabejinka yau, wataƙila bara yana cikin kashin saniya, bara waccan yana cikin ciyawar da ta ci. Adashi kuwa yana tafiya ne muddin wanda ya kwasa ya ci gaba da zubi. Je ka dajin Amurum da ke kusa da Laminga ka duba. Babu mai zuba masa kamfa, amma bai taɓa gajiya ba, domin ganyen da ya faɗi a nan yake ruɓewa, a nan saiwa take sake shan sa.

Ku fa? Duk kaka mota tana ɗaukar kabeji da karas zuwa Farin Gada, daga nan manyan motoci su wuce da su Abuja, Legas, Fatakwal. Kowane buhu ya tafi da rabonsa na sinadaran gonarku, ya ƙare a masai da bolar wani birni. An kwashi adashi an gudu. Iyayenmu ba su san sunan naitirojin ba, amma sun san a mayar. A karkarar Kano jakuna kan kai itace da kayan gona birni, su dawo da mangala cike da taki. Manomi kan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar kashi. Rigingimun da suka addabi jihar nan tun daga 2001 sun raunana wannan amana a wurare da yawa, kuma ban cika jin ana faɗa ba, amma ƙasa ma ta ji a jikinta.

Tafiyar buhun yuriya

Mu bi buhu ɗaya mu ga inda yake zuwa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya shan sa a haka, kamar mutumin da asusunsa ke cike da kuɗi amma na'urar cirewa ta ƙi aiki. Masu buɗe wannan asusu wasu bakteriya ne da ke zaune a saiwar wake, gyaɗa, waken suya da gujjiya. Tuge gyaɗa ka ga 'yan ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa, ka tsaga ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to suna bakin aiki. Walƙiya ma tana sauko da ɗan kaɗan. Haka duniya ta rayu har Bajamushen nan Fritz Haber ya gano yadda za a ciro naitirojin daga iska a ɗakin gwaji a 1909, Carl Bosch ya mayar da shi masana'anta a 1913. Yuriyar da ake yi a Eleme da Lekki jikar wannan aiki ce. Kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Buhun kamfa 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi ne kawai.

Da ka watsa yuriya, cikin 'yan kwanaki take rikiɗa ta zama amoniya. In a saman ƙasa ka bar ta cikin rana, wani kaso ya tashi sama ke nan. Warin nan mai shiga hanci na ɗakin kaji, shi ne naitirojin yana gudu. Abin da ya saura, wasu bakteriya su juya shi ya zama naitiret. Tsiro yana son naitiret, sai dai ƙasa ba ta riƙe shi, duk inda ruwa ya nufa nan yake bi. In kuma kun cika fangali da ruwa ya kwanta iska ba ta shiga, wasu bakteriyar daban su mayar da shi iska, ya koma inda ya fito. Idan aka haɗa lissafi, sau da yawa abin da ke shiga jikin shuka bai kai rabin abin da aka zuba ba. Kuɗin Baba ne ke bin iska da ruwa.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Wannan juyawa daga amoniya zuwa naitiret tana barin tsami a ƙasa. Ƙasar Filato dama mai tsami ce a wurare da yawa, saboda irin dutsen da ta fito daga gare shi, da kuma ruwan sama na wajen milimita 1,400 da ke wanke ta duk shekara. Shekara goma ana ƙara mata yuriya ba tare da abin da zai kashe tsamin ba, sai ta kai inda ƙarfe da alminiyam da ke cikin jar ƙasa za su damƙe fosfaras su hana saiwa, alminiyam ɗin kuma ya riƙa ƙona bakin saiwar. Taki yana nan a ƙasa, shuka tana jin yunwa. Manomi ya ga ganye ya ɗashe, ya ƙaro buhu, tsami ya ƙaru. Ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ke damun ku.

Shi fosfaras ba shi da hanya ta iska irin ta naitirojin. Daga dutse yake fitowa, a hankali. Maroko ce ke da mafi yawan ma'adininsa da aka sani a duniya, akwai shi kuma a yankin Sakkwato. Ƙurar hunturun nan da muke tsinewa ma tana kawo mana kaɗan, tare da kalsiyam da fotashiyam. Da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, kuma har teku take tsallakawa ta sauka a dajin Amazon. In fosfaras zai bar gona, a jikin ƙwayar ƙasa yake maƙalewa ya tafi. Jan ruwan nan da kake gani yana gangarawa bayan ruwan farko na Afrilu, shi ke ɗauke da shi.

Wani abin da masu sayar da taki ba sa faɗa: kamfa abu uku take bayarwa, naitirojin da fosfaras da fotashiyam, tsiro kuwa yana bukatar wajen 14 daga ƙasa. Tun ƙarni na 19 Bajamushe Justus von Liebig ya yaɗa ƙa'idar cewa shuka tana tsayawa ne a kan abin da ya fi yi mata ƙaranci, komai yawan sauran. Miyar da ba gishiri, ƙara mata kuka ba ya gyara ta. In kana yanka kabeji kana ganin ƙashin tsakiyarsa da rami, ka tuhumi ƙarancin boron. Tumatir mai baƙin gindi kuma kalsiyam ne bai isa jikinsa ba, galibi saboda ban-ruwan yau a cika gobe a bari.

Rumbun ƙasa

Duk wannan bai kai batun baƙar ƙasa muhimmanci ba. Ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabba da suka narke suka haɗe da ƙasa, su ne rumbunta. Su ke riƙe ruwa, su ke riƙe taki su riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan, su ne kuma abincin masu sharar nan. Takin zamani ba ya gina wannan rumbu. Ku kuma tun asali naku ƙarami ne. Kamfanonin Turawa da suka fara haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20, aikin ya kai ƙololuwa lokacin yaƙin duniya na biyu, sun kifar da ƙasar wurin ne: ta sama mai rai ta binne, yashi da tsakuwa da yumɓun ƙasan rami suka hau kai. Zuba taki a irin wannan ƙasa ba tare da ruɓaɓɓen abu ba, ɗibar ruwa ne da kwando.

Akwai ranar da na je wata gona irin taku, mai ita dattijo yana ta yi mini gardama cewa taki ne aka lalata a kamfani. Ban ce masa komai ba. Na karɓi fartanyarsa na tona rami a tsakiyar fangali, na sake tona wani a gindin shinge, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Ta fangali ta fito fara-fara, da tauri kamar bulo. Ta gindin shinge baƙa, mai laushi, da ƙamshin nan na ruwan farko, har da tana biyu suna motsi. Ya ɗebi wannan ya murza, ya ɗebi waccan ya murza, ya daɗe bai yi magana ba. Ka gwada wannan da Baba, gani ya kori ji.

An yi irin wannan gwaji da girma a wani daji da ake kira Hubbard Brook a Amurka. A hunturun 1965 zuwa 1966 aka sare duk bishiyoyin wani kwari, aka hana komai tsirowa, aka riƙa auna ruwan rafin da ke fita. Naitiret ɗin da ke ciki ya ninka fiye da sau 40. Saiwa mai rai ita ce ke tare taki. Gonar da aka bari tsirara tsakanin girbi da shuka, ƙofa ce a buɗe.

Dalilin da kifi ke mutuwa da asuba

Abin da ya gudu daga gonarku da ta maƙwabta bai yi nisa ba, gangara kawai ya yi. Ga kuma ruwan sabulun masu wanki, da kashin shanun da ke zuwa shan ruwa, da bahayar da ake yi a gefe. Takin da zai sa kabeji girma shi ne dai zai sa gansakuka haihuwa. A 1973 wani masani a Kanada, David Schindler, ya raba wani tafki biyu da labulen roba. Ya zuba naitirojin da kabon a ɓangarorin biyu, ɗaya kuma ya ƙara masa fosfaras. Ɓangaren fosfaras ne kaɗai ya koma kore kamar miyar kuka. Tun daga nan aka san cewa a ruwan daɗi galibi fosfaras ne ke kunna wannan fitina.

Da rana waɗannan ƙananan tsirrai suna cika ruwa da oksijin. Da dare babu haske, sai su daina bayarwa su koma sha, su da kifi da bakteriyar da ke cin waɗanda suka mutu suka nutse. Oksijin ya yi ta raguwa har ya kai ƙarshen ƙarancinsa gab da fitowar rana. Lokacin da kuka tarar da karfasarku ke nan.

Kududdufin kuza yana da wata matsala ta kansa. Rami ne mai zurfi, kuma yawanci ba shi da mafita. Ruwan sama-sama mai ɗumi yana zaune a kan na ƙasa mai sanyi, ba sa haɗuwa, na ƙasan kuwa ruɓa ta cinye oksijin ɗinsa. Ranar da sanyin hunturu ya tsananta, ko aka yi ruwa mai ƙarfi da iska, sai ruwan ya juya, na ƙasa ya taso da warin ruɓaɓɓen ƙwai, kifi su mutu a dare ɗaya. Ka tuna ranakun nan biyu, wane irin dare aka yi kafin su?

Ka lura kuma da waɗanda suka mutu. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iska kai tsaye, don haka ƙarancin oksijin bai cika kashe ta ba. In karfasa ce kaɗai, manya-manya suka fara, kuma kun ga saura suna buɗe baki a saman ruwa kafin rana ta ɗaga, to maganata ta tabbata. In har da tarwaɗa da kwaɗi da ƙwarin ruwa, to ku binciki wanda ke wanke injin feshi a bakin ruwan, wannan guba ce. Sannan in koren ya yi kauri kamar fenti a gefe, kada a bar yara ko dabbobi su sha, don wasu nau'o'insa suna fitar da dafi.

Abin da zan yi da gonata ce

Kafin a sake sayen buhu ko ɗaya, a auna tsamin ƙasar. Malaman gona za su nuna muku ɗakin gwaji, kuma kuɗinsa bai kai na buhun kamfa ba. Awon tsamin ana kiran sa pH, kuma yadda lambarsa ta yi ƙasa haka tsamin ya yi yawa; yawancin kayan lambu sun fi son awon ya tsaya tsakanin 6 da 7. In ya yi ƙasa da 5.5, ƙarin taki asara ce har sai an kashe tsamin da farar ƙasa ta noma ko toka.

Batun toka sai mun yi hattara. Manoman bakin Dilimi sun daɗe suna sayen tokar bola tifa-tifa, kuma suna da hujja, domin tana rage tsami, tana kawo fotashiyam da kalsiyam. Wannan ma mayar da adashi ne daga birni zuwa gona. Amma bolar yau ba ta zamanin kakanninmu ba ce. Akwai batir, leda, tarkacen waya da ragowar fenti a ciki, dalma da danginta kuma in suka shiga ƙasa ba sa ruɓewa, ganye irin latas yana iya ɗauka. Ni na fi natsuwa da tokar murhu ko ta gidan burodi mai amfani da itace. Kowacce ce dai, kada a haɗa ta da yuriya ko kashin kaji lokaci guda, don tana korar naitirojin ɗinsu sama. A ba da tazarar mako biyu ko uku.

Sai gina rumbu, wanda shi ne babban aikin. Jos cike take da gidajen kaji, ga kashin shanu da na awaki, ga ganyen kabejin da kuke ɓarewa ku zubar. A tara a rami ko tsibi, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har ya yi baƙi ya daina zafi da wari. Ɗanyen kashi a kan latas da karas da za a ci ba dafawa hanyar ciwon ciki ce, kuma yana ƙona shuka. Shukar da cuta ta kashe kada a sa ta ciki. A daina cinna wa ragowar gona wuta: wuta tana tura naitirojin da salfa sama, ta cinye abincin tana da gara, ta bar muku 'yar toka da iska za ta kwashe. Na san ana jin haushin gara, amma ka dubi yadda shuka ke yin kyau a gindin tsohon suri.

Yuriya kuma a raba ta kashi biyu ko uku, a tona a binne kusa da shuka, a ba da ruwa daidai. Da damina a sa wake ko waken suya ko gyaɗa a wani ɓangare, a riƙa juyawa. Sai dai kada a ruɗe ka: in kun kwashe 'ya'yan kun kuma sayar da harawar, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne. Ribar tana zuwa ne in dabbarku ta ci harawar, kashinta ya koma gona. A bakin kududdufi a bar ɗamarar ciyawa mai faɗin taku biyar ko fiye, gamba ko jema, kada a nome har bakin ruwa. Kunya kuma a yi ta a gicciye, kada ta bi gangare.

Ba na cikin masu cewa a watsar da takin zamani. A taron da shugabannin Afirka suka yi kan taki a Abuja a 2006, abin da aka koka da shi shi ne manomin nahiyar nan kilo 8 kacal yake zubawa a hekta, aka sa burin kaiwa 50. Mai dawa a ƙauye ƙarancin taki ke damun sa. Ku masu lambu a gefen birni, wasunku sun wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Kamfa a kan ƙasa mai rumbu tana aiki fiye da kamfa ita kaɗai, kuma bayan shekara biyu ko uku za ku iya rage buhu ba tare da amfani ya ragu ba.

Kududdufin kuwa sai haƙuri. Fosfaras ɗin da ya riga ya kwanta a taɓon gindinsa zai yi shekaru yana tasowa ko da kowa ya gyara yau, kuma ku kaɗai ba za ku iya ba, sai Baba ya zauna da sauran masu gonakin gefen. Ɗan abin daɗin shi ne koren ruwan da kuke ja da inji yana dawo muku da kaɗan daga takin da ya gudu.

Inda maganata ta tsaya

Ban taka gonarku ba, ban ɗebi ruwanku ba, kuma likita ba ya rubuta magani daga jin labari. Akwai abubuwan da ke kama da gajiyar ƙasa alhali ba ita ba ce: iri maras kyau, gurɓataccen taki, da cutar da ke taruwa in ana maimaita shuka ɗaya a wuri ɗaya. Shekara goma na tumatir da karas a fangali guda sun isa su tara tsutsar saiwa, wadda ido ba ya gani. Ka tuge tumatir ɗin da ya fi kowanne tsumburewa, ka wanke saiwar. In ka ga ta kumbura gaɓa-gaɓa, kuma kumburin ba ya ɓallewa da farce irin na gyaɗa, to ita ce, kuma maganinta juya shuka zuwa masara ko acca na ɗan lokaci, taki ba zai yi komai ba. Batun dalma ko wani ƙarfe a ƙasa ko a ruwa, musamman a tsohon wurin haƙa, ɗakin gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Ka ɗebi ƙasa daga wurare kamar goma a gonar, zurfin taƙi guda, ka gauraya a bokiti mai tsabta, ka shanya a inuwa, ka kai rabin mudu. Ruwan kuma ka ɗebo shi da asuba a gora mai tsabta, ka kai shi ranar. In sakamako ya fito ka turo mini, tare da yawan buhunan da kuka zuba bara da faɗin gonar, mu zauna mu yi lissafi. Ka gaishe mini da Baba.